Mai ba da dariya daban, abin dariya daban

Makonni uku da suka wuce na bar Yamai na tafi Tawa bikin wata ƴar'uwarmu. Washegarin kai amarya, da hantsi, muna tsakar gida muna fama da tukwanen da aka ɓata, sai ɗiyar yayana, wadda take shekara ta biyu a jami'a, ta ɗauki ludayi ta kanga a kunne kamar salula, nan take ta rikiɗe ta zama matar ɗan ci-rani da maigidanta ya kira daga Abijan.

Ta fara da muryar ladabi, har da ɗan rusunawa kamar yana ganin ta: lafiya lau, yara lafiya lau, hatsi ma da sauransa. Sai ta sauke ludayin ta toshe bakinsa da tafin hannu, ta juyo gare mu ta faɗi ainihin abin da ya rage a rumbu, sannan ta mayar da shi kunne ta ci gaba da “to, Alhaji, to, Alhaji”. Da hira ta kawo kan kuɗin da ya yi alkawarin aikowa tun kafin azumi, sai rezo ya fara ɗaukewa, amma daga wajensa kaɗai, domin ita tana jin kukan motocin Abijan sarai a bayansa.

Babu wadda ta iya ci gaba da wanke-wanke. Wata tsohuwa cikin danginmu, wadda mijinta ya shafe fiye da shekara 20 yana tafiya ci-rani, ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane, ta ce: “Ke ɗiyar nan, ƙarƙashin gadona kika kwana?” Yayana yana zaure tare da baƙi, kuma da na kai musu fura na tarar kafaɗunsa suna rawa.

Da dare yarinyar ta same shi ta durƙusa, ta ce: “Baba, wani gidan talabijin mai zaman kansa a Yamai ya ga ƴan bidiyon da nake yi, suna so in gwada gabatar da wani ɗan shiri na minti 10 a kowane mako lokacin hutu.” Bai bari ta rufe baki ba ya ce: “Ni ban haifi ɗiyar da za ta zama abin dariyar duniya ba.”

Tun daga daren nan maganar take ci mini tuwo a ƙwarya. Ra'ayina shi ne, ba da dariya sana'a ce mai wuya wadda ake koyo ake ƙwarewa a kai, kuma macen da Allah ya hore wa wannan baiwa tana da haƙƙin ta bi ta har ƙarshenta, daga wasan kwaikwayo zuwa gabatar da shiri zuwa rubuta littafi, ba tare da mun tuɓe mata rigar mutunci ba. Yayana ya haɗa abubuwa biyu da Hausa ta riga ta raba. Abin dariya shi ne wanda santsi ya kwashe a tsakiyar kasuwa, ana yi masa dariya ba da son ransa ba. Mai ba da dariya kuwa ita ce riƙe da linzami: ita take yanke lokacin da za ka kece da dariya da lokacin da za ka yi tsit, kuma da safiyar nan tsakar gida guda, har da mai zauren, a tafin hannunta muke.

Aikin da ba a ganin guminsa

Abu na farko da ake cewa shi ne wannan ba aiki ba ne, surutu ne kawai da rawar kai. Ni ma da haka na ɗauka, sai da yarinyar ta nuna mini wani kaye irin na ƴan lakwal da take ɓoyewa cikin akwatinta. Wasan ludayin nan sau huɗu ta rubuta shi. A rubutun farko matar tana zagin mijin bayan ta kashe waya. Ta soke wannan da jan biro, ta rubuta a gefe cewa idan matar ta yi zagi, tausayinta zai fita daga zukatan masu kallo. Maganar ɗaukewar rezo ba ta shigo ba sai a rubutu na uku, kuma ta ce ta tsince ta ne a layin masu karɓar kuɗi a wurin aike, inda ta yi ta zuwa tana tsayawa ba don tana jiran ko dala ba, don dai ta ji yadda matan ƴan ci-rani suke magana idan sun haɗu.

Wanda bai taɓa tsayawa gaban mutane da niyyar sa su dariya ba, bai san nauyin shirun da ke biyo bayan barkwancin da bai kama ba. Mai wa'azi ko mai lacca zai iya yin awa guda ana gyangyaɗi, ya sauka a ce masa sannu da ƙoƙari. Mai barkwanci ana yanke mata hukunci ne duk bayan ƴan daƙiƙu, kuma babu ɗaukaka ƙara.

Gabatar da shiri wani fanni ne daban. A can dole ta koyi rage kanta, ta saurari baƙon da ta gayyato, ta san inda raha za ta buɗe bakin mutumin da ya zo a ɗaure da inda raha za ta zama cin fuska, duk wannan ido ɗaya yana kan agogo. Rubutu ya fi duka tsanani, domin a takarda babu murya, babu harara, babu ludayi; kalma ce tsirararta za ta yi aikin da fuska da jiki suke yi.

Akwai matan da suka bi waɗannan matakai a idon duniya. Akissi Delta ta ƙasar Kodebuwa ba ta yi karatun boko ba, ta fara da ƙananan fitowa a wasannin talabijin na Abijan, daga baya ta ƙirƙiro shirin Ma Famille ta kuma ɗauki nauyinsa, wanda aka fara nunawa a 2002, kuma duk wanda ya rayu a Yamai ko Tawa a waɗannan shekaru ya san yadda ake cika gaban tele idan lokacinsa ya yi. Roukiata Ouedraogo ta Burkina Faso, maƙwabciyarmu, ta je Faransa ta yi ƙananan ayyuka har da yi wa mutane kwalliya, ta shiga makarantar wasan kwaikwayo, ta riƙa tsayawa ita kaɗai a dandamali tana ba da labarin rayuwarta cikin raha, ta samu gurbi a rediyon France Inter, sannan a 2020 ta fitar da littafi a kan ƙuruciyarta da gwagwarmayar mahaifiyarta.

A Amurka, Joan Rivers, wadda ta rasu a 2014 tana da shekara 81, ta daɗe tana wasa a ƙananan wurare kafin a san da ita. A 1986 ta zama mace ta farko da aka damƙa wa shirin hira na dare nata na kanta a babbar tashar talabijin, ba a cika shekara ba aka sallame ta, ta sake miƙewa, ta rubuta littattafai fiye da 10. Yawancin barkwancinta yana da kaifi da tsiraicin da ba zan so a kawo mana nan ba. Abin da nake so a lura da shi a wajenta shi ne, dubban barkwancin da ta ƙirƙira a rayuwarta ta rubuta su a kan ƙananan katuna, ta jera su cikin durowoyi bisa jigo, kamar yadda akawu yake jera takardun kuɗi. Da na ga kayen ɗiyar yayana, wannan mata na tuna.

“Ba al'adarmu ba ce”

Wannan hujja ita ce ta fi ba ni mamaki, domin idan akwai al'ummar da ta ɗauki raha da muhimmanci, to mu ne. Wasan taubasai da wasan ƙabilu, irin wanda ke tsakanin Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa, shi ne abin da Nijar ta kai gaban hukumar UNESCO, aka sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Muna alfahari da wannan a jawabai, muna cewa zolaya tana kashe wutar rikici kafin ta kama. Jika yana tsokanar kakarsa yana kiran ta matarsa. Da azumi yara suna tashe, suna kwaikwayon manya a gaban manyan.

Su wa suka riƙe yawancin wannan gado? Kaka ce take ba da tatsuniya, ita take sauya murya ta zama Gizo ta zama Ƙoƙi ta zama kura. A gidan biki mata ne suke kifa ƙwarya su yi amada, kuma duk wadda ta saurari marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta san cewa rabin ƙarfin waƙarta raha ce da gugar zana a kan zaman kishi da neman na kai. Kowace unguwa tana da matar da idan ba ta zo suna ba ake cewa taron bai yi armashi ba. Mace mai ban dariya ta daɗe a cikinmu. Sabon abu kawai shi ne kamara, da kuma maganar a biya ta.

Sai dai dole in yi wa yayana adalci, domin akwai wani tushe a ƙarƙashin maganarsa wanda bai furta ba. A tsarinmu na gargajiya, wanda yake cin abinci da nishaɗantar da mutane, ko maroƙi ne ko ɗan kama ko ɗan gambara, ana jin daɗinsa amma ba a ba shi wurin zama na sama, kuma gidaje da yawa ba sa haɗa aure da gidansa. Idan yayana ya ji an ce barkwanci, abin da yake gani shi ne ɗiyarsa a tsaye ana liƙa mata kuɗi a goshi.

Amsata ita ce zamanin ya riga ya raba nishaɗantarwa da roƙo. Mai gabatar da shiri tana da yarjejeniya da albashi, kamar mai karanta labarai. Kuma mun riga mun amince da wannan rabuwa idan namiji ne. Mamane ɗan ƙasar nan ne, tun 2009 yake zolayar shugabannin Afirka a rediyon RFI da ƙasarsa ta ƙirƙira mai suna Gondwana, ya kafa bikin barkwanci a Abijan, kuma ban taɓa jin wani a fada ya kira shi maroƙi ba; cewa ake ya fitar da mu kunya. Yazi Dogo ya sa iyayenmu dariya shekara da shekaru da wasan kwaikwayonsa na Hausa, ana ambaton sunansa da girmamawa. A Kano, da Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014, har nan Nijar an yi jimami. Idan sana'ar ba ta zubar da mutuncin waɗannan ba, sai a gaya mini dalilin da zai sa ta zubar da na ƴaƴanmu mata.

Maganar addini

A nan nake taka-tsantsan, domin fagen malamai ne. Amma abin da kowa ya koya a makarantar allo da islamiyya ya isa a fara magana da shi. A Suratun Najmi, Allah ya siffanta kansa da cewa shi ne ya sa dariya kuma ya sa kuka. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin raha amma ba ya faɗin komai sai gaskiya, har da labarin tsohuwar da ya ce wa tsofaffi ba sa shiga Aljanna, da ta damu ya bayyana mata cewa za a mayar da su matasa ne kafin su shiga.

Iyakokin ma a fili suke. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma ambaci mata da sunansu, cewa kada wasu mata su yi wa wasu mata izgili. Akwai hadisin da ya yi kashedi ga wanda yake shara ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma malamai sun yi bayani a kan inda wasan kwaikwayo ya faɗa a wannan, wasu sun tsananta wasu sun sassauta. Akwai kuma maganar sutura da cuɗanya, wadda ba ƙarama ba ce.

Abin da na lura da shi kawai shi ne, dokar izgili da ta ƙarya sun hau kan namiji kamar yadda suka hau kan mace, amma ba a tuna su sai mace ta fito. Mutumin da zai kwana yana kallon ɗan wasa namiji yana kwaikwayon mai in'ina ko gurgu, yana dariya har da buga ƙafa, shi ne zai tashi da safe ya kafa hujja da addini a kan yarinyar da ta fito da hijabinta ta kwaikwayi wayar ɗan ci-rani. Idan ma'auni za a sa, a sa shi a kan abin da aka faɗa da yadda aka fito, kowa ya hau.

“Wa zai aure ta?”

Wannan ce tambayar da mahaifiyar yarinyar ta yi mini a madafa, murya ƙasa-ƙasa, kuma ita ce wadda ba zan iya turewa da hannu ɗaya ba, domin tarihinmu ya ba ta gaskiya.

Zalika Souley haifaffiyar Yamai ce. Tana da shekara 19 ta fito a fim ɗin Moustapha Alassane a 1966, lokacin da samun mace baƙar fata da ta ɗauki fim sana'a a wannan yanki abu ne da ba a saba gani ba. Ta fito a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972. Ba ƴar barkwanci ba ce, amma abin da ya same ta darasi ne ga duk macen da za ta tsaya gaban kamara a ƙasar nan. Sau da yawa ana ba ta matsayin muguwar mace ko mara kamun kai, mutane kuma suka kasa raba ta da matan da take kwaikwaya, suka riƙa jifan ta da maganganu. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar aka manta da ita, har sai da Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, duniya ta ga irin ƙuncin da take zaune a ciki. Ta rasu a 2021. Muna da cibiyar al'adu mai sunan Oumarou Ganda a tsakiyar Yamai, kuma ya cancanta. Matar da ta tsaya gaban kamararsa kuwa, yaran yanzu kaɗan ne suka san sunanta.

A Kano ma, marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta yi shekaru tana fitowa a matsayin masifaffiyar mace mai sa dariya, kuma da ta rasu a 2024 sai ga abokan aikinta suna ta bayyana cewa a zahiri mace ce mai fara'a da son mutane. Me ya sa sai an yi wannan bayani? Saboda har yanzu da yawanmu idan mace ta iya kwaikwayon mugunta, sai mu ce halinta ne ya fito.

To, tsoron uwar yarinyar yana da tushe. Amma a duba inda laifin yake. Ba wasan ne ya wulaƙanta Zalika ba, mu ƴan kallo ne. Mun sha romon aikinta muka watsar da ƙwaryar. Idan muka ce maganin wannan shi ne kada wata ɗiya ta sake fitowa, mun hukunta wadda aka zalunta ke nan, mun bar halin da ya yi zaluncin yana nan daram. Game da aure kuwa, haka aka taɓa faɗa a kan yarinyar da ta tafi makarantar ungozoma tana kwana a asibiti, da wadda ta fara karanta labarai a Télé Sahel. Yau iyayen samari ne suke neman irinsu.

Abin da ke cikin salula

Akwai masu cewa in buɗe TikTok in ga abin da ake kira barkwancin mata a yau. Na buɗe, na gani, kuma ban musa ba: akwai batsa, akwai zage-zage, akwai tonon silili tsakanin ƴan mata da sunan raha, akwai masu mayar da talaka da mai naƙasa abin wasa. Wannan ba shi nake karewa ba.

Amma ya kamata mu tambayi kanmu yadda aka yi salula ta zama fili ɗaya tilo da ya rage. Yarinya mai baiwa idan gida ya hana ta, gidan talabijin bai neme ta ba, babu ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwarsu irin waɗanda aka yi a zamanin samariya, ba daina barkwanci za ta yi ba. Za ta rufe ɗaki ta kunna waya, inda babu babba da zai ce mata wannan ya yi, wannan ki cire, kuma inda abin da ya fi rashin kunya shi ya fi saurin yaɗuwa ya fi kawo mabiya. A gidan talabijin akwai shugaban shiri, akwai mai tace rubutu, akwai hukumar sadarwa da ke sa ido, akwai suna da adireshin da uba zai iya zuwa ya yi ƙorafi. Uban da ya hana ɗiyarsa shiga wannan gida yana zaton ya tsare ta, alhali ya bar ta ne a hannun wayar da shi da kansa ya saya mata.

Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba. Gaskiya ne harkar ba ta da tabbas a ƙasarmu, gidajen talabijin masu zaman kansu suna fama, kuma wasu suna so a yi musu aiki a biya da “ai za a san ki”. Shi ya sa ni ma na ce wa yarinyar kada ta kuskura ta bar jami'a, kuma kada ta tsaya gaban kamarar kowa sai da takarda a rubuce, ko da jaka 10 ce za a ba ta.

Inda muka fi rauni

Cikin matakan nan uku, na ƙarshen ne ya fi damuna, wato littafi. Wasa yana wucewa da ranarsa. Shirin talabijin ana nuna shi a manta, kuma mun san yadda tsofaffin kaset suke lalacewa a ɗakunan ajiya. Matar unguwarmu da ta fi kowa iya zance a Tawa lokacin ƙuruciyata ta rasu da duk abin da ke bakinta, yau idan muka taru sai mu ce “kin tuna abin da ta ce ranar sunan wane?”, mu kama rabi mu saki rabi.

Matan Hausa sun nuna sun iya rubutu. Tun shekarun 1980 marubuta mata a Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu, suka cika kasuwa da littattafai, yanzu kuma rubutun ya koma intanet ana karantawa a waya har a nan Yamai. Amma mafi yawansa soyayya ce da kishi da hawaye. Rubutun raha, wanda mace za ta zauna ta dubi layin famfo, da taron adashi, da ziyarar uwar miji, da hawan kabu-kabu da tsohon ciki, ta rubuta su yadda mai karatu zai yi dariya shi kaɗai a ɗaki sannan ya ga kansa a ciki, wannan fili ne da kusan babu kowa a cikinsa.

A 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. An yi murna, an yi gardama. Ni tambayar da nake yi ita ce me za a karanta da harshen. Yaro ba ya son karatu saboda takardar gwamnati ko littafin nahawu. Yana son karatu ne ranar da wani shafi ya ba shi dariya har ya nemi na gaba. Idan muna so ƴaƴanmu su karanta Hausa don ra'ayin kansu, muna bukatar masu rubutun ban dariya fiye da yadda muke bukatar masu jawabi a kan darajar harshe, kuma rabin waɗanda suka iya wannan abu mata ne da muke ce wa su yi shiru.

Akwai kuma abin da mace take gani wanda namiji ba zai taɓa gani ba, komai basirarsa. Ƴan wasa maza sun daɗe suna ɗaura zane su kwaikwayi mata, muna dariya, amma macen da suke nunawa kullum ita ce mai tsegumi, mai kwaɗayi, mai faɗa. Babu namijin da zai rubuta wasan ludayin nan, domin bai taɓa zama a wannan gefen wayar ba. Tsohuwar da ta share hawaye ba don an yi mata ba'a ta yi dariya ba. Ta yi ne don a karo na farko wani ya faɗi abin da ta haɗiye shekara 20, a gaban jama'a, ba tare da an kira sunan kowa ba. Yayana ma, wanda ya yi nasa ci-ranin a Abijan kafin ya dawo ya buɗe shago, ya san sarai wanda rezonsa yake ɗaukewa.

Ranar da zan dawo shi ya raka ni tasha. Muna jiran mota na ce masa: “Yaya, ka yi dariya ranar nan ko ba ka yi ba?” Ya ce ya yi, amma dariyar cikin gida daban. Na ce masa mutanen Yamai ma a cikin gidajensu za su kalla. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce in bar maganar sai ta gama jarrabawa.

Da mota ta kusa tashi ya leƙo ta taga ya ce idan na isa in binciko masa abu uku: wane ne shugaban shirin, ɗan wane gida ne, kuma ƙarfe nawa ake tashi daga aiki. Biyun farko na samo su na aika masa. Na ukun, an ce mini ya danganta da lokacin da wuta ta ga damar dawowa.